Shekarar da Fatu Suka Yi Ja

Ƙirgin farko da aka ba ni in sa wa gishiri na wani baƙin bijimi ne da aka yanka a mayankar Funtua, lokacin ko gemu ban fara ba. Maigidana, marigayi Alhaji Bawa, ya sa aka shimfiɗa shi a daɓen sito, gashi a ƙasa, ɓangaren nama a sama, ya miƙo mini wuƙa da kwanon gishiri, ya koma kan bencinsa. Na watsa gishiri, na naɗe, na wanke hannu ina jin na iya. Da aka kwana biyu ya ce in warware. Ban kai rabi ba ɗoyi ya buge ni, da na kama gashin wuya na ja sai ya biyo yatsuna kamar ana cire ciyawa bayan ruwan sama. Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna mini kitsen da na bari a ƙirji, da bakin ƙafafu da suka nannaɗe gishiri bai shiga ba, sannan ya ce in ɗauka a ka in kai juji. Ta tsakiyar kasuwa na bi, ruwansa yana gangaro mini ta wuya.

Sunana Haladu, kuma tun daga ranar har yau da furfura ta cinye kaina ban yi wata sana'a ba sai ta fata da ƙirgi. Ku samari da kuke zagaya gari da babur ranar Babbar Sallah, ku tara fatun layya ku kawo nan ku juya, na sha jin kuna cewa aikin mai sito ba wani abu ba ne, gishiri ne kawai da wurin ajiya. To, ku gyara zama.

Fata tana fara lalacewa tun daga lokacin da mahauci ya gama fiɗa. Wadda aka feɗe da safe, in ta kai yamma ba ta sha gishiri ba, kada ma ka wahalar da kanka. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai lanƙwasasshen baki wadda ba ta da tsini don kada ta huda, dutsen washi, katakan da ake jerawa a ƙasa don kada fata ta kwanta cikin ruwanta, takalmin roba, sai buhunan gishiri. Za ka kankare nama da kitse, ka miƙe kowane lungu, ka cuɗa gishiri da tafin hannu har hammata da gindin wutsiya, ka ɗora wata a kai, haka har tari ya kai maka ƙugu. Gishiri ya janye ruwan jikin fata, ruwan ya bi magudana ya taru a ramin siminti. Ramukanmu biyu ne a bayan sito, ɗaya na fatun awaki da tumaki, ɗaya na ƙiraga.

Manyan masu sayenmu kamfanonin jima ne na Kano, kuma mai duba musu kaya ba ya jin magiya. Zai ɗaga fata ya kalle ta a haske, in ya ga inda wuƙa ta zarce, ko tabon kaska, ko zanen ƙaya, ya jefa ta gefe ko kallonka bai yi ba. Akwai kuma majema da ke zuwa daga ƙauyuka neman fatar jar akuya, da masu buzu, da mata masu ganda. Kowa da irin idonsa, kuma babu wanda za ka ruɗa sau biyu.

Abu ɗaya ne Alhaji Bawa ya koya mini da tsawa, shi ne fatar mushe. Dabbar da ta yanke jiki ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini yana fita ta hanci, ba a taɓa fatarta, domin ciwon saifa ne. Ina cikin koyon aiki na ga wani dillali daga wajen Bakori da ya sayi irinta a ɓoye. Ƙurji ya fito masa a wuya, tsakiyarsa baƙi kamar gawayi, wuyan ya kumbura ya haɗe da haɓa. Bai daɗe ba aka kai shi makwanci. Duk wanda ya ga wuyan nan tsoron saifa ba ya sakinsa.

Da sito ya dawo hannuna, mutumin da na fi dogara da shi Nomau ne, Bamaguje daga wani ƙauye a bayan Ƙarfi, tsarana. Manomi ne, amma duk Babbar Sallah sai ya bar wa 'ya'yansa gona ya zo mu yi aikin fatun layya. Shi ba ya zuwa Idi, saboda haka kafin mu sauko ya riga ya share daɓe, ya jera katakai, ya wasa wuƙaƙe. Ba mai yawan magana ba ne. Ba ya sa safar hannu, ya ce da ita ba ya jin abin da fata take ciki.

Shekarar da nake son ku ji labarinta ba a daɗe da fita daga kullen korona ba, Sallah kuma ta faɗo tsakiyar damina. Farin gishirin da muka saba da shi ya yi wuya a kasuwa. Sai ga tirela ta sauke wani mai manyan tsakuwa, aka ce a bakin teku ake shanya shi. Ba fari tas ba ne, in ka kalle shi a rana yana da ɗan ja-ja. Duk layinmu shi aka saya, ya kuma kama fata da kyau, ba wanda ya yi ƙorafi. Maƙwabtana suka loda fatunsu suka tura Kano da wuri. Ni kamfanin da nake kai wa ya aiko cewa injinsa ya tsaya, in jira. Na jira. Ruwa yana sauka, rana tana buɗewa, sito ya ɗauki zafi da gumi kamar ɗakin mai jego.

Wata safiya ina ƙofa Nomau ya kira ni daga ciki, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya ɗaga fatar da ke saman tari yana riƙe da ita. Ɓangaren naman ya yi dabbare-dabbare da ja. Ba jini ba ne, jini in ya kwana baƙi yake komawa. Wannan ja ne mai haske kamar an yayyafa zoɓo, in ka shafa kuma yana da yauƙi. Muka ɗaga ta biyu, muka ɗaga ta uku, muka rushe tarin har katako. Na sha ganin ɗan ja jefi-jefi a fatar da ta daɗe, a goge a wuce, amma ban taɓa ganin ya mamaye sito ba. Muka zagaya baya, ramukan nan biyu sun koma jawur.

Muka yi abin da muka iya, wato muka ƙara gishiri. Muka sake jera tari, muka zuba masa fiye da kima. Da muka buɗe, jan ya ninka. A nan gabana ya fara faɗuwa. Duk sana'ata a kan abu ɗaya take tsaye, cewa babu mai rai da ke zama cikin gishiri. Tsutsa tana mutuwa, ƙuda ba ya yin ƙwai, ruɓa tana tsayawa. Yau ga wani abu da nake zuba masa gishiri yana ƙara ƙiba.

A rububin ranar Sallah wuƙa ta ɗan taɓa Nomau a gindin babban yatsa, ya ɗaure da tsumma ya ci gaba, kamar yadda kowannenmu yake yi. Da wannan hannun ya yi ta juya jajayen fatu. Ranar da ya kasa riƙe wuƙa na sa ya kwance tsumman. Hannun ya kumbura har gwiwa, yana sheƙi, wani jan layi ya miƙe ya nufi hammata. Jikinsa ya yi zafi, haƙoransa suna haɗuwa. Na dubi hannun, na dubi fatun, launinsu kusan ɗaya. Wuyan dillalin nan na Bakori ya dawo mini a ido.

Kafin in fito neman abin hawa labari ya riga ni. Masu keke suka ƙi tsayawa, ɗan acaɓan da ya tsaya da ya hango hannun ya ja babur ɗinsa. Na ɗora Nomau a bayan nawa, na ɗaure shi a jikina da rawani don kada ya zame, na kai shi asibiti. Duk hanya ina jin zafin hannun a haƙarƙarina, ina ƙoƙarin karkata jiki kada ya taɓa ni, ina kuma jin kunyar karkatawar.

Asibiti ne suka sanar da ofishin likitocin dabbobi. Wadda suka turo Likita Rakiya ce, yarinya da ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba, ta zo da farar riga a kan hijabi, da safar hannu, da takunkumi. Ta tambaye ni ko na taɓa karɓar fatar mushe, ta tambaya ta sake tambaya ta wata fuska. Ta kankari jan ta zuba a 'yan kwalabe, ta ɗebi ruwan ramuka, ta ɗebi gishiri, sannan ta sa na rufe sito da kwaɗo ta ce kada kowa ya shiga sai ta dawo.

Kwanakin jiran nan ba na so in sake ganin irinsu. Ba wanda ya ce mini komai, amma mutane suka daina miƙo mini hannu. A masallaci sai in ga sahu ya bar mini fili hagu da dama. A gida uwar 'ya'yana ta ware mini kwano da buta, ban hana ta ba, ni ma da kaina na daina ɗaukar jikoki. Kowace safiya sai na shafa wuyana kafin in tashi daga shimfiɗa.

Da Likita ta dawo ba ta sa takunkumi ba. Ta ce ba saifa ba ce. Ciwon Nomau yanka ne da datti ya shige shi, irin wanda zai iya samun kowane mahauci, ya dai daɗe bai je asibiti ba. Jan kuma, ta ce, halittu ne ƙanana da ido ba ya gani, sun zo cikin gishirin tun daga inda aka shanya shi. Na ce mata gishiri ai kashe ƙwayoyin cuta yake yi. Ta ce waɗannan ba irin ƙwayoyin da na saba ji ba ne, wani jinsi ne daban, sunansu arkiya, kuma da yawansu sun fi son wurin da sauran halittu ba sa iya zama. Wasu cikin ruwan gishirin da ya kai maƙura, wasu a tafkin kanwa, wasu a maɓuɓɓugar ruwa mai tafasa mai kaifi kamar ruwan batir, wasu a tumbin saniya inda iska ba ta shiga. Namu na gishiri ne, jan kuma launin jikinsu ne, in sun yi yawa har kududdufan shanya gishiri suke rinawa. Ta ce ruwan rijiya ma kashe su yake yi, fashewa suke in gishiri ya yi musu kaɗan. Ta ce in buɗe sito iska ta shiga, in fitar da fatun da za su ceto.

Na ɗan sami numfashi. Muka fara rarrabe fatu ni da ma'aikata biyu da suka yarda suka dawo. Waɗanda jan ya daɗe a kansu fuskarsu ta lalace, in ka murza gashi yana tashi. Muna cikin wannan aiki wata rana na zagaya baya zubar da shara, na tarar da abin da ya fi jan tsorata ni. Ramin ƙiraga yana nan jawur yadda yake. Na awaki kuwa, wanda kwana kaɗan kafin nan ba ka ganin yatsanka in ka tsoma, ya washe. Ina hango simintin ƙasa, da wani ɗan laka-laka da ya kwanta. Rumfa ce a kansu duka biyun, ruwan sama bai shiga ba. Na tambayi ma'aikata, ba wanda ya zuba komai. Na tsaya ina kallo. Abin da gishiri ya kasa kashewa, wani abu ya shigo ya kashe shi, ni kuwa ban ga shigarsa ba.

Na kira Likita, ta zo ta durƙusa a bakin ramin ta daɗe. Na lura ita ba tsoro take ji ba, murna ma take yi. Ta ce ba za ta iya yanke hukunci ba, domin na'urar da ke ganin irin wannan babu ita a kusa, amma abin da ta fi zato shi ne bairos ne ya faɗa musu. Na ja da baya. Ta ce in kwantar da hankalina, su ma halittun gishirin suna da cututtukansu kamar yadda kaji ke da nasu, kuma ruwan gishiri irin wannan cike yake da su. Wani ya shiga ya hayayyafa ya fasa su, wani ya zauna tare da su yana fita a hankali ba tare da ya kashe ba.

Ta ciro waya ta nuna mini hotunan da masana suka ɗauka. Ban taɓa zaton abin da ba a gani yana da fasali haka ba. Akwai mai kai da wutsiya kamar talibambam. Akwai mai kama da mazari, tsakiya da kauri, baki biyu a tsuke, wani kamar lemun tsami. Akwai wanda ba shi da tsayayyen fasali, kamar ɗan ƙullin kitse. Ta ce waɗannan ana samunsu a gishiri. Ta wuce zuwa na ruwan zafi, nan kuma abin ya fi yawa: mai kama da kwalba har da wuyanta, mai kama da ɗigon ruwa, mai kama da tsinke, mai kama da zare a murɗe. Akwai wanda sai bayan ya fito daga jikin da ya shiga yake tsiro da wutsiya biyu shi kaɗai a cikin ruwa. Akwai wanda ke gina 'yar dala a jikin halittar, in lokaci ya yi dalar ta buɗe baki 'ya'yansa su fito. Ta ce da yawansu ba su yi kama da komai da ke kama mutum ko dabba ko shuka ba, kuma waɗanda aka sani ba su kai waɗanda ba a sani ba.

Ashe muna wannan magana wani dillali yana tsaye a bakin ƙofa, ya zo tambayar fatun ganda. Daga duk abin da ta faɗa kalma ɗaya ya tafi da ita. Ku tuna mutane ba su daɗe da ganin an rufe kasuwa da masallatan Juma'a saboda wannan kalma ba. Kafin azahar ana cewa likitar gwamnati ta gano sabon bairos a siton Haladu. Kafin la'asar ana cewa ya riga ya kashe Nomau ana ɓoyewa. Wasu kuma suka ce Bamagujen ne ya binne wani abu a ramin, abin ya juyo a kansa, mutumin da suka yi shekara da shekaru suna cin goro tare da shi.

Bayan la'asar na ji hayaniya. Na leƙo na ga layi ya cika, matasa a gaba, biyu daga ciki da jarkokin fetur. Ba su matso ba, sun tsaya nesa sun rufe hanci da riguna. Ba mugaye ba ne, da yawansu na san iyayensu, tsoro ne ya kawo su, kuma mai jin tsoro da ashana a hannu ya fi mugu haɗari. Sitona bango ɗaya ne da siton masara, bayansa kuma gidaje ne da mata da yara. In wuta ta tashi a layin nan ba a kaina za ta tsaya ba. Mai unguwa yana ta ɗaga hannu ba mai jinsa. Na buga wa Likita waya, ta zo a kan acaɓa, ta hau benci tana bayani. Duk lokacin da ta ambaci kalmar sai hayaniya ta ƙaru. Wani ya ce in babu komai me ya sa ranar farko ta zo da takunkumi. Na ga ɗaya daga cikin masu jarka ya fara kwance murfi.

Na matsa kusa da ita na yi ƙasa da murya.

"Likita, tsakaninki da Allah, abin nan yana kama mutum?"

"Baba, ba a taɓa samun wanda ya kama ba, daga halittun har bairos ɗinsu. Iyakar abin da zan iya rantse maka ke nan."

Ba amsar da nake so ba ce. Na so ta ce ba ya kamawa, ta tsaya a nan. Amma na ga fetur ya fara zuba a bakin ƙofa. Na ce wa mai unguwa ya zaɓo dattawa su biyo ni baya, sauran su leƙo ta katanga. Na tuɓe riga, na durƙusa a bakin ramin ƙiraga, na yi bismilla na tura hannun dama har kafaɗa. Ruwan da ɗumi, da yauƙi. Na fito da shi ja yana ɗiga, na matsa na tura shi cikin ramin da ya washe, wanda shi na fi tsoro. Na wanke fuska da ruwan, na miƙe na juyo.

Likita ta cire agogonta ta miƙa wa mai unguwa, ta naɗe hannun riga, ita ma ta tsoma nata. Wani tsoho mai sayar da buhuna ya ce wa masu jarka su rufe su tafi gida. Ba su watse nan take ba, amma ba a ƙyasta ashana ba. Mai unguwa ya yanke cewa a kwashe fatun daga layin, a yashe ramukan, ni kuma in zauna a gida a ga abin da zai same ni.

Likita ta sa na wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ta yi mini faɗa a kan wanke fuskar da na yi da ruwan ramin, ta ce ruwan fata ruwan ƙazanta ne ko babu ja. Na koma gida na zauna a zaure. Hannun mai aikin gishiri ba ya rasa tsaga, kowace tsaga kuwa ta yi ta zugi. Ƙaiƙayi ya taso a gwiwar hannu, na ce shi ke nan. Sauro ya cije ni a dantse, na zauna ina kallon wurin ko zai yi baƙin tsakiya. In na rufe ido mai wutsiya biyun nan nake gani yana iyo. Mutane suna wucewa ta ƙofar gida a hankali, suna gaishe ni daga nesa, idonsu a kan hannuna. Ban san ranar da suka daina ba. Na dai san wata Juma'a wani ya miƙo mini hannu bai ma tuna ba, daga nan sauran suka bi.

Fatun da suka fi lalacewa muka haƙa rami a bayan gari muka binne da farar ƙasa. Sauran da suka isa Kano mai duba kaya ya jefa mafi yawansu gefe. Aikin Sallar shekarar gaba ɗaya ya tafi, sai da na sayar da gonar da na gada a hanyar Bakori kafin na sake tsayawa. Na wanke sito da ruwan rijiya har bango, na ƙone katakai. Tun daga lokacin ba na maimaita gishirin da ya taɓa fata, ba na sayen mai ja-ja, in kuma dole ta sa, sai an gasa shi a kan faifan ƙarfe kafin ya shigo. Tari ba ya daɗewa a wurina da damina ko kamfanin wa zai tsaya. Shi ya sa kuke ganin ina sa ku zazzage buhu a rana in duba, kuna cewa tsufa ne.

Nomau ya rayu. An tsaga hannun an fitar da ruwa, amma babban yatsa da manuni suka sandare, ba sa lanƙwasuwa. 'Ya'yansa suka ɗauke shi daga asibiti kai tsaye zuwa ƙauye, domin sun ji abin da aka faɗa a kansa a kasuwa. Da kaka, ana yankan dawa, na hau babur na je. Na same shi a ƙofar gida a gindin rumbu yana ɓare masara da hannun hagu. Matarsa ta kawo mini ruwa. Ya kama hannuna na dama ya juya shi, ya duba ciki da baya, ya latsa dantsen. Labarin ramin ya riga ya iso masa.

Na faɗa masa abin da Likita ta ce, cewa ba jan ne ya ci hannunsa ba. Ya gyaɗa kai kamar wanda ake gaya wa abin da ba zai ƙara masa komai ba. Sai ya tambaye ni abin da ya washe ramin awaki. Na ce ba a tabbatar ba, amma ga abin da take zato. Ya ce yaya kamarsu take. Na ɗauki kara na share ƙasa a gabansa, na zana masa mazari, na zana kwalba, na zana talibambam, na zana mai wutsiya biyu. Na ce masa waɗansu a gishiri suke, waɗansu a ruwan da zai dafa ƙwai, kuma ba a gama saninsu ba.

Ya sunkuya yana kallo, ya daɗe. Jikokinsa suka taso daga wasa za su leƙa, ya ɗaga sandararren hannun ya tsayar da su.

"Duk shekarun nan hannuna yana cikinsu?"

Na ce ga alama haka ne, nawa ma.

Ya miƙa ƙafa ya shafe zanen ɗaya bayan ɗaya, ya bi da tafin ƙafa ya daddaɓe ƙasar har ba alamar kara.

"Kada ka sake zana mini su a ƙofar gida, Haladu."

Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini damin dawa a bayan babur, ya rako ni har bakin hanya. Na ce masa in Sallah ta zo ko ba zai riƙe wuƙa ba ya zo ya zauna a benci ya duba mini aikin ma'aikata. Ya ce to. Sallah ta zo, na sauko daga Idi na tarar da sito a rufe yadda na bar shi. Na buɗe, na ɗauki tsintsiya na share daɓen da kaina.